Batiran Yaya da Bazara ta Uku

A da, idan aka yi rasuwa a Kaduna, da ƙafa labari yake tafiya. Akan tura mutum a keke ya bi gidajen dangi daga Badarawa har Kawo, na nesa kuwa sai sun ji sanarwa a rediyo, wani ma sai an yi bakwai yake isowa. Mai zuwa gaisuwa yakan zo da carbinsa da goro a aljihu, ya zauna a tabarma, ba ya neman komai a gidan mamaci sai ruwan alwala. Yanzu kafin a gama wankan gawa labari ya kai Legas da Jidda, kuma duk wanda ya shigo gidan makoki, da zarar ya gama "ya haƙuri", idonsa kan fara neman inda zai sa cajin waya. Ba zargin kowa nake yi ba, zamani ne ya zo da haka.

Yayana ya rasu bayan kaka, a gidansa na Badarawa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Aikin tafinta ya kai ni ƙasashe da dama, na kuma zauna makoki a yawancinsu. A Alƙahira rumfa ake kafawa a titi, a raba gahawa marar sukari, mai karatu yana karatu. A Kartum mai gaisuwa kan ɗaga hannu ya yi fatiha tun kafin ya kai ga musafaha. Ko'ina dai mutane kan zo ne su yi juyayin mutum ɗaya. A makokin Yaya kuwa sai na ga kamar mutum biyu ake yi wa gaisuwa.

A rumfar ƙofar gida akwai tsofaffin abokan aikinsa na makaranta, masu farin gashi da tabarau, suna ce masa Farfesa, suna tuna wa juna takardun da ya buga a mujallun waje. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini sun yi shekara da shekaru a ofis ɗaya, bai taɓa jin Yaya ya amsa tambayar aiki da "i" ko "a'a" ba, sai dai "mu gwada". A can gefen katanga kuma ga mutanen Hayin Banki, teloli da masu shaguna da wasu dattawan mata, waɗanda ba su san ya taɓa rubuta komai ba. Su a wurinsu shi ne Baba mai kasko. Wata tsohuwa ta tsaya a zaure ta ƙi shiga ciki, ta ƙi tafiya, tana maimaita cewa jikokinta biyar suna raye ne da ikon Allah da kuma sanadin wannan bawan Allah. Farfesoshin suka dube ta, ita ma ta dube su, ba wanda ya gane abin da ya kawo ɗan'uwansa.

Abin da ya haɗa su shi ne aikinsa. Ilimin haɗa sinadarai ya karanta, amma ɓangaren da ya ƙware a kai shi ne sarrafa abu tun daga tushe har ya sami halin da ba shi da shi a da: kuza, ko gawayi, ko gishiri. Da ya dawo daga karatu a Turai, a wasu abubuwa dabam ya fara bincike. Sai wata damina aka wayi gari da gawarwakin wani magidanci da iyalinsa a Hayin Banki. Sun shigar da janareta cikin baranda saboda ruwa da ɓarayi, suka rufe ƙofa. Yaya ya je jana'izar. Ya faɗa mini daga baya cewa abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda mutane ke ta cewa ba su ji wari ba. Iskar da ke kashewa a cikin hayaƙin janareta ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum yakan ji barci ne kawai.

Daga nan ya juya ga ƙera hancin da ɗan Adam ba shi da shi. Yakan shafa wani sinadari na kuza, siriri fiye da fatar albasa, a kan ɗan tangaran ƙarami. Idan iskar gubar ta taɓa shafin, yadda wuta ke bi ta cikinsa ya canza, sai ƙararrawa ta kaɗa. Ya shafe shekaru yana gyara wannan shafi. Waɗanda suka yi aiki ya saka su a akwatunan roba, ya liƙa a gidajen Hayin Banki da Badarawa kyauta. Bai kuma yarda cewa liƙawar ta isa ba. Duk wata yakan ɗauki ɗan kasko da garwashi a bayan motarsa, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama, ya ajiye kaskon a ƙarƙashin na'urar, ya tsaya har ta yi kuka. Da farko mata sun ɗauka turaren wuta ya kawo, wata ma ta tambaye shi ko na korar aljanu ne. Ya ce mata kusan hakan ne, sai dai wannan aljanin da fetur ake kiransa.

A kan wannan na'ura muka yi faɗa mafi tsawo a rayuwarmu. Wata shekara na dawo daga tafiya na kawo masa irinta ta Turai a kwalinta, na ce masa ga shi nan ana sayarwa a kowane kanti, me zai sa mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙera abin da aka riga aka ƙera. Ya karɓa ya yi mini godiya da Turanci. Yaya ba ya yi mini Turanci sai ransa ya ɓaci. Ya liƙa ta a bangon falonsa kusa da tasa. Ba a yi bazara biyu ba tawa ta mutu, zafi ya cinye batirinta. Amma tasa ma idan damina ta sauka, laima kan ruɗe ta, ta riƙa kuka ba gaira ba dalili har matarsa ta rufe ta da tawul. Kowannenmu yana da abin nunawa, saboda haka ba mu taɓa kammala musun ba. Duk sallar da muka haɗu sai mun tayar da shi, yara suna dariya.

Shi dai ya ɗauki darasi daga bangon nan. Shafin kuza ba ya aiki sai da ɗumi, ɗumin kuma yana cin wuta, ga shi ba a buƙatar na'urar sai lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta. Ke nan matsalar ta koma kan batir. Haka ya shiga kashi na biyu na aikinsa, wato ajiye wuta. Ya riƙa ƙona totuwar masara a tanderu marar iska har ta zama wani irin gawayi mai ƙananan ramuka, ya haɗa shi da sinadarin da ke cikin gishiri a maimakon mai tsadar da ake haƙowa a wasu ƙasashe, ya rufe su a cikin ƙwayoyin batir masu faɗin kwabo. Matarsa ta ce shi kaɗai ne namijin da ta sani wanda ke zuwa wurin mai gasa masara ya bar masarar ya kwashe totuwa.

A nan ne ya sami saɓani da mujallun waje. Su a ƙa'idarsu, a ɗaki mai na'urar sanyaya ake gwada batir, a wani matsakaicin yanayi da suke kira zafin ɗaki. Na karanta wasiƙun da suka yi musaya, don wasu da Faransanci suka zo, ni na fassara masa. Amsarsa ba ta wuce tambaya ɗaya ba: ɗakin wa? Ya ce ɗakin matar da ke Mando, mai rufin kwano ba silin, a tsakiyar bazara, ba shi ne ɗakin wanda ya rubuta ƙa'idar ba, kuma batirin da bai kwana a irin ɗakinta ba, ba a san halinsa ba tukuna. Wasu suka buga masa, wasu suka ƙi. Na ga masana a ƙasashe da yawa suna gyara sakamakonsu don ya dace da ma'aunin wasu. Shi ma'aunin ya tuhuma.

Da ya yi ritaya sai ya kafa gwajinsa na ƙarshe a ɗakin baya na gidansa, wanda a da na baƙi ne. Ya sa aka cire silin. Ya jera ƙwayoyin batir a kan katako, ya haɗa su da wata na'ura da ke cika su da wuta, ta sauke, ta sake cikawa, dare da rana, tana rubuta ƙarfin kowanne a kwamfuta. Ya kafa sola a tsakar gida a kan ƙafafun ƙarfe, da inbata mai ajiyewa da juya wutarta, don kada wuta ta yanke wa na'urar. Manufarsa ita ce batiran su ratsa bazara uku a ƙarƙashin kwanon nan ba tare da an motsa su ba, a ga ko za su kai, idan kuma ba su kai ba a ga yadda za su mutu. Ya ga biyu. Ya rasu ana saura 'yan watanni ta uku ta shigo.

Matarsa, Hajiya, tsohuwar malamar makaranta ce, kuma ba ta taɓa yafe wa ɗakin nan ba. Baƙinta sai a falo suke kwana. Ga wuta tana zuba a tsakar gidanta ba dare ba rana, amma firizarta ba ta da rabo a ciki, nama ya sha lalacewa tana kallon fitilun na'urar suna ƙyaftawa ta taga. Ni da ita muna wasan ƙanin miji tun tana amarya. Takan ce mini ɗan yawo, ni kuma in ce mata matarmu. Duk zuwan da na yi sai ta kai mini ƙararsa, ta ce in zo in ɗauke ta mu tafi ƙasar da ake shan ruwan sanyi. Yaya yana jinmu, sai ya ce a yi haƙuri, saura kaɗan.

Wadda ta fi kowa sanin abin da ke cikin ɗakin ita ce tsohuwar ɗalibarsa, wadda yanzu Dakta ce tana koyarwa a inda ya bari. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, tana zaune a hayin kogi. Tun tana ƙaramar ɗaliba suka yi wata yarjejeniya, saboda gwaje-gwajensu ba su san hutun mako ba: ita ta riƙe Juma'a, shi ya riƙe Lahadi. Haka suka yi shekaru, ba wanda ya rasa ibadarsa. Ranar aurenta shi ya zauna a sahun iyaye da babbar rigarsa. Baba take ce masa, Hajiya kuma ba ta kiranta da komai sai 'yata.

Ranar da aka kai Yaya makwanci, gida ya cika maƙil, wuta kuma babu. Mutane suna gumi a ƙarƙashin rumfa, wayoyi suna mutuwa, ana ta neman yadda za a sanar da na nesa. Wani daga cikin dangi, da kyakkyawar niyya, ya lura akwai wuta a ɗakin baya, ya zura wayar wuta ta taga ya jawo ta har waje. Aka haɗa fankoki, aka haɗa tukunyar dafa ruwan shayi, aka jera wayoyi a kan tire. Jama'a suka yi ta sa albarka, ana cewa ko bayan ransa yana yi wa mutane amfani. Kafin la'asar inbata ya ɗauke. Kowa ya ɗauka irin ɗaukewar da aka saba ce, aka nemo janareta haya, aka ajiye shi can bakin titi kamar yadda mamacin ya koya wa unguwar, aka ci gaba da karɓar gaisuwa.

Washegari da hantsi Hajiya ta aika a kira ni ciki. Na same ta a tabarma cikin mayafin takaba, Dakta tana zaune kusa da ita, idanunta sun kumbura. Hajiya ta ce tun jiya da yamma ba ta ji ƙugin ɗakin baya ba, ta kuwa saba da shi kamar numfashin mutum. Dakta ta ce ita ma ta ga wayar da aka zura ta taga tun jiya, amma ta ji nauyin ta ɗaga maganar batir a gidan da aka fitar da gawa. Hajiya ta ciro makulli daga ƙarƙashin matashi ta miƙa mata.

"Tashi ki duba, 'yata. Da yana nan da tuni ya ɗaga mana hankali."

Na bi ta. Ɗakin yana da zafi kamar gidan burodi, fitilun duk a mace. Ta zare wayar, ta tayar da inbata, ta zauna gaban kwamfuta tana duba layi bayan layi. Can na'urar ta kama, fitilun suka dawo. Na tambaye ta ko an yi ɓarna. Ta ce batiran ba su mutu ba, amma an sami giɓi na kusan yini guda, kuma dole a rubuta shi a fili duk ranar da za a buga sakamakon. Na ce mata wa zai sani idan ba a rubuta ba. Ta dube ni da irin kallon da Yaya ke yi mini kafin ya koma Turanci.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna zaman iyali. Babban ɗansa, wanda ke aikin gwamnati a Abuja, yaro ne mai hankali da son mahaifinsa. Ya kawo shawarar a cire solar da inbata a kai masallacin unguwa sadaka, don duk wanda ya sha iskar fanka a sahu ladan ya isa ga mahaifinsu. Ya ce gwajin ai ya riga ya yanke, mai shi kuma ya tafi. Ba wanda ya ga laifin maganar, ni ma ban gani ba. Aka kira Dakta aka tambaye ta ko za ta kwashe kayan ta kai makaranta. Ta ce idan aka motsa batiran daga ƙarƙashin kwanon nan, bazara biyun da suka wuce sun tafi a banza, don ɗakin shi ne gwajin. Ta ce kuma ba za a bar su su kaɗai ba: sai an sami mai goge solar, mai duba ma'aunin zafi safe da rana, mai tayar da na'ura idan ta tsaya. Ita daga hayi ba za ta iya zuwa kullum ba.

Duk 'ya'yan suna da aiki a wasu garuruwa. Sai Hajiya ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Ni ina zan je? Takaba nake yi. Ku nuna mini abin da ake dannawa."

Ɗan ya ce, "Umma, ke da ɗakin nan ko ga maciji."

Ta ce, "Har yanzu ma. Idan na fita takaba ku zo ku kwashe."

A kan haka aka tashi. Ɗan ya je ya shaida wa kwamitin masallaci cewa kafin zafi ya shigo za su sami wuta.

Na riƙa leƙa Hajiya a watannin nan. Dakta ta liƙa mata 'yan alamomi masu launi a kan maɓallan, ta koya mata ɗaukar hoton ma'aunin zafi da fuskar kwamfuta ta tura mata ta waya. Bayan sallar walaha takan fito da tsumma a kan sanda ta goge solar, sannan ta shiga ɗakin da carbi a hannu. Mata masu zuwa taya ta zama sukan iske ta can, wasu suka fara ƙus-ƙus cewa mai takaba ba a san ta da hidimar injuna ba. Ta ce musu ba ta fita ƙofar gida ba, ba ta sa kwalli ba, su nuna mata inda aka hana goge gilashi. A hankali ta san batiran ɗaya-ɗaya. Akwai na ƙarshen katako da take kira mai taurin kai, ta ce halinsu ɗaya da mai shi. Na ce mata ashe matarmu ta zama farfesa. Ta ce in rufa mata asiri, ita gadi kawai take yi, kuma har yau ba ta sha ruwan sanyi ba.

Abin da ba mu lissafa ba a zaman iyali shi ne, kwanakin takaba za su ƙare ne daidai lokacin da bazara ke buɗe ido. Ranar da Hajiya ta fita takaba, aka yi 'yar sadaka, 'yan'uwanta suka zo daga Katsina da shirin tafiya da ita ta huta a can, kamar yadda aka saba. Ɗan kuma ya iso daga Abuja da mai haɗa sola da tsaninsa. Ni ina zaune a tsakar gida. Hajiya ta fito da sabon zane, karo na farko tun rasuwar, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin baya. Ta ce ta san ta yi alkawari, kuma ba ta saba tashi daga magana ba, amma ba za a cire ba sai ruwan farko ya sauka.

Ɗan bai ɗaga murya ba, ba a yi masa irin wannan tarbiyya ba. Ya ce ya riga ya ba dattawan masallaci baki, da wane ido zai kalle su. Ya ce tsofaffi suna sallar azahar cikin gumi, wannan lada ce tabbatacciya, wancan kuwa ba wanda ya san ko zai haifi wani abu.

Hajiya ta ce, "Ban san wanne ya fi lada ba, Allah ne ya sani. Abin da na sani, mahaifinka ya bar tukunya a kan wuta ya fita. Ban taɓa sauke masa girki ɗanye ba yana raye."

Yaron ya juyo ya dube ni. "Baffa, kai ne babba yanzu."

Ni ne mutumin da ya fi kowa gaya wa Yaya cewa wahalar banza yake yi, kuma har a ranar ban tabbata na yi kuskure ba. Amma na ce wa ɗan ya sallami mai tsani, ya sa hularsa mu je masallaci tare, idan akwai kunya mu raba ta biyu. Liman ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce sun shekara da shekaru suna sallah da gumi, ƙarin bazara ɗaya ba za ta narkar da su ba, kuma duk wanda ya yi ƙorafin zafi zai ce masa ya yi wa Farfesa addu'a, tun da shi ya jawo. Wani dattijo a kwamitin bai ji daɗi ba, ya ce alkawari alkawari ne, ya ɗauki takalmansa ya fita. Ɗan Yaya ya daɗe bai manta da fitar nan ba. 'Yan Katsina suka koma ba tare da Hajiya ba.

Bazarar ta yi zafi ƙwarai. Da rana kwanon ɗakin baya har ƙara yake yi, mutum ba ya iya daɗewa a ciki. Batiran suka fara faɗuwa. Dakta ta bayyana mana cewa idan ƙarfin batir ya sauka ƙasa da wani layi da Yaya ya ja tun farko, an ɗauke shi ya mutu, ko da fitilarsa tana ci. Hajiya takan kira ni ta ce yau an rasa biyu, kamar mai ba da labarin kaji a lokacin annoba. Mai taurin kai ne ya rage shi kaɗai, ya yi ta jan rai har hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata Asabar da safe ya sauka ƙasa da layin. Ba a yi ruwa ba tukuna.

Dakta ta haye kogi ta zo, ni ma aka kira ni. Ta kwashe batiran, ta buɗe wasu daga cikinsu a makaranta, bayan mako biyu ta dawo da bayani. Muna zaune a falo, Hajiya ta tambaye ta kai tsaye ko abin ya yi.

Dakta ta ce, "Mama, bai kai inda Baba ya so ba. Ko ɗaya bai gama bazara ta uku ba."

"Ke nan ya yi asara. Ni ma na hana masallaci iska a banza."

Dakta ta ce ba haka ba ne. Ta ce da ta buɗe su, gawayin totuwar yana nan lafiya lau, kamar jiya aka saka shi. Robar da ke rufe bakin batirin ce zafi ya gajiyar, ruwan ciki ya riƙa tsiyayewa kaɗan-kaɗan har ya bushe. A ɗaki mai sanyi ba za a taɓa ganin wannan ba, a bazara biyu ma bai nuna sosai ba, sai a ta uku. Shekara da shekaru ita da Yaya suna zargin gawayin, ashe murfin ne. Hajiya ta tambaya to yanzu sai me. Dakta ta ce sai a canza murfi a sake daga farko, wata bazara uku.

Hajiya ta yi dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun kafin jinyar, har ta share ido da gefen mayafi.

"A sake, 'yata, Allah ya taimaka. Amma ba a gidana ba."

Ita da hannunta ta kashe na'urar. Kafin mako ya zagayo ɗan ya zo da mai tsani, aka kai solar masallaci; dattijon da ya fita ranar nan shi ya riƙe musu tsanin. Takardar sakamakon ta fito daga baya da sunan Yaya a gaba, da giɓin yini guda a rubuce a fili, an ce wuta ta yanke, ba a faɗi dalili ba. Dakta ta sa aka cire silin a wani ɗaki na gidanta, ta kafa sabon katako, ɗalibanta suna karɓa-karɓar gadi, Musulmi Lahadi, Kirista Juma'a.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kurakuransa, ya sa kabarinsa ya fi ɗakin nan sanyi. Hajiya ta mayar da silin, ta sa gado, baƙinta sun daina kwana a falo. Aikin da aka fara a Badarawa yanzu a hayin kogi yake, a hannun waɗanda ya koyar, kuma ba zai sake dawowa gidanmu ba.